Noman da Ba na Gona Ba: Cutar Noma da Matsalar Suna a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya ji an ambaci kalmar "noma", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne gona da fartanya da damina. Ni ma da na koyi Hausa a unguwa da makaranta a nan cikin garin Bauchi, ba a bakin mahaifiya ba, ma'anar da na sani ke nan, har zuwa ranar da aka ba mu aikin fassara wata takardar faɗakarwa a kan kiwon lafiya. A cikin takardar an ce noma yana iya kashe ƙaramin yaro cikin mako biyu. Na daɗe ina juya jimlar ina neman inda aka yi kuskuren ɗab'i, domin ban taɓa jin inda aikin gona ya kashe ɗan shekara uku ba. Sai da na duba hotunan da ke bayan takardar sannan na gane cewa sunan wata cuta ce, kuma cuta ce da na taɓa gani da idona, sai dai ba da wannan suna na san ta ba.

Shekarun baya, a unguwarmu, 'yar wani maƙwabcinmu mai kimanin shekara uku ta tashi daga ƙyanda, ba ta gama murmurewa ba sai bakinta ya fara wari, kuncinta na hagu ya kumbura. Kakarta ta duba ta ce daji ne. Da mahaifiyata ta aike ni in gaishe su, na ce, "Inna, da an kai ta asibiti mana." Sai tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, ai daji ba ya son allura. Da ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata." Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har kwana shida. Ran da aka kai ta asibiti, wani baƙin tabo ya riga ya fito a kuncin. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, ta rayu, amma wani ɓangare na leɓenta ya tafi.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wannan cuta, da yadda ake gane ta, da yadda ake maganinta. Daga nan za ta duba wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban harshe, wato yadda sunan da aka laƙaba wa cuta yake iya nuna wa iyaye hanyar asibiti ko kuma ya kautar da su daga gare ta.

2.0 Mece ce Cutar Noma?

Noma cuta ce da take farawa daga dasashi, sannan ta bazu ta cinye naman kunci da leɓe da hanci, wani lokaci har da ƙashin muƙamuƙi da gefen ido. Sunan ba shi da wata dangantaka da noman Hausa. Daga harshen Girkanci aka samo shi, daga wata kalma da take nufin kiwo, wato yadda dabba take bin ciyawa tana ci tana gaba. Likitocin da sun ga yadda gyambon yake cin nama yana faɗaɗa, shi ya sa suka kwatanta shi da haka. Karo kawai kalmomin biyu suka yi wajen furuci.

Ana lissafa noma cikin cututtukan da ba a cika gani ba, domin ma'aikacin lafiya yana iya yin shekaru yana aiki bai ci karo da ita ba. To amma akwai abin lura a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasi a shekarar 1998 cewa yara 140,000 ne suke kamuwa da cutar a kowace shekara, kuma kusan 9 daga cikin 10 na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Ke nan mafi yawan yaran suna rasuwa ne a ƙauyuka kafin wani likita ya gan su, balle a rubuta su a littafin asibiti. Wannan yana daga cikin abin da ya sa ake ganin kamar cutar ba ta da yawa.

A da, cutar tana nan a ƙasashen Turai. Ta ɓace daga can ne sa'ad da abinci ya wadata, tsafta ta inganta, tun ma kafin magungunan kashe ƙwayoyin cuta su yaɗu. Ta sake ɓullowa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa. A yau an fi samun ta a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, kuma arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin wuraren da aka fi ba da rahotonta.

3.0 Waɗanda Take Kamawa da Dalilan Kamuwa

Noma ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Ba a ɗaukar ta daga wani, saboda haka babu dalilin gudun yaron da ya kamu ko ware masa kwano. Ƙwayoyin cutar da suke haddasa ta ire-iren waɗanda suke zaune ne a cikin baki, ba guda ɗaya ba ce, taron dangi suke yi. A bakin yaro mai ƙoshin lafiya, garkuwar jiki tana taka musu burki. Amma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abubuwan da suke tsaga wannan bango sun haɗa da:

(a) Tamowa, wato rashin isasshen abinci mai gina jiki. Wannan shi ne babba daga cikin dalilan.

(b) Rashin lafiyar da yaro bai daɗe da tashi daga gare ta ba, musamman ƙyanda, wadda wasu suke kira baƙon dauro, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa mai tsanani, da kuma cutar da take karya garkuwar jiki.

(c) Rashin tsaftace baki, wanda yake sa dasashi ya kumbura ya riƙa zubar da jini.

(d) Talauci da nisa daga asibiti, waɗanda suke haɗa dukkan abubuwan da aka ambata a gida ɗaya.

Idan mai karatu ya lura, shekarun da cutar ta fi kamawa su ne na bayan yaye. A lokacin ne yaro yake rabuwa da nono ya koma kan kunu da tuwo zalla, sau da yawa uwa tana da goyo ko ciki, shi kuma an kai shi wurin kaka. Babu wanda yake buɗe bakinsa ya duba, tun da ana ganin ai haƙoran yarinta ne, za su zube wasu su fito.

4.0 Matakan Cutar da Yadda Ake Gane Ta

Yawancin cututtukan da ba a saba gani ba suna bukatar gwajin jini ko hoto ko na'ura mai tsada kafin a gane su. Noma ba haka take ba. Babu wani gwaji na musamman da ake yi mata. Da ido da hanci da 'yar tocila ake gane ta, tare da tambayar iyaye tarihin rashin lafiyar yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ta zuwa matakai biyar, ban da alamar gargaɗi da take zuwa kafin su.

Alamar gargaɗi ita ce kumburin dasashi. Dasashi yana yin ja, yana jini idan an taɓa shi ko an goge baki. Wannan ba noma ba ce tukuna, kuma yara da yawa suna yin haka su warke. Amma a jikin yaro mai tamowa abin a sa ido ne.

Mataki na 1 shi ne lokacin da gyambo ya fito a dasashi. Yana zubar da jini ko ba a taɓa ba, yana zafi, baki yana wari mai tsanani, miyau yana dalala.

Mataki na 2 shi ne kumburi. Kunci ko leɓe ko haɓa ya kumbura, yaro yana zazzaɓi, yana ƙin cin abinci, warin bakin ya ƙaru. Daga wannan mataki al'amarin ya zama na gaggawa, domin tsakaninsa da mataki na gaba kwanaki kaɗan ne.

Mataki na 3 shi ne ruɓewa. Wani tabo baƙi ko mai ruwan toka yana bayyana a kan kumburin. Naman wurin ya mutu ke nan, kuma zai ɓamɓare ya bar rami a fuska, har a riƙa hango haƙora ko ƙashi. A nan ne yara da dama suke rasuwa, saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ko saboda ƙishirwa da yunwa tun da ba sa iya ci da sha.

Mataki na 4 shi ne lokacin da mikin ya fara warkewa yana tattarewa. Haƙora suna zubewa, kuma muƙamuƙi yana iya fara ƙagewa.

Mataki na 5 shi ne abin da cutar ta bari bayan ta wuce: rami a fuska, ƙagewar muƙamuƙi yadda baki ba ya buɗuwa, wahalar tauna da magana, wani lokaci har da matsalar gani ko numfashi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a mataki na 1 da na 2 ana iya tsayar da cutar yaro ya warke fuskarsa lafiya lau. Daga mataki na 3, ko an ceci rai, naman da ya mutu ba ya dawowa. Kwana shidan da aka ɓata a gidan maƙwabcinmu su ne suka ɗauke yarinyar daga mataki na 2 zuwa na 3.

5.0 Cututtukan da Ake Rikita Ta da Su

Ba kowane kumburin fuska ne noma ba, kuma aikin ma'aikacin lafiya ne ya rarrabe. Hangum yana kumbura gefen fuska a ƙasan kunne, amma ba ya zuwa da gyambon dasashi da irin wancan wari. Ƙurjin da ruɓaɓɓen haƙori yake haifarwa shi ma yana kumbura kunci, sai dai za a ga haƙorin da ya jawo shi.

Akwai kuma wata sankara ta yara da take kumbura muƙamuƙi, wadda ake kira da sunan likitan da ya bayyana ta, Denis Burkitt, wanda ya yi rubutu a kanta a shekarar 1958 lokacin da yake aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda. An fi samun ta a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Kumburinta yana girma da sauri, haƙora su yi girgiɗi, wani lokaci ido ya turo waje ko ciki ya kumbura. Ita sai an yanki ɗan nama ko an zuƙo shi da allura an duba a ɗakin gwaji kafin a tabbatar, kuma maganinta shi ne magungunan sankara da ake ƙarawa ta jijiya, waɗanda take jin su ƙwarai idan an fara da wuri. Haka kuma akwai sankarar ido da take kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, wadda alamarta ta farko ita ce wani farin haske a tsakiyar ƙwayar ido, kamar idon kyanwa idan an haska shi da dare. Idan an bar ta, idon yana kumbura ya fito.

Dalilin kawo waɗannan misalai shi ne, a bakin mutane da yawa dukkansu suna ɗaya gare su: daji. Alhali kuwa noma ba sankara ba ce ko kaɗan, kuma maganinta bai kai na sankara tsada ko wahala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da sankara suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa waɗanda suke warkewa ba su kai kashi 30 ba, kuma zuwa asibiti a makare yana cikin manyan dalilai. Ke nan ko noma ce ko sankara ce, jinkiri shi ne abokin gaba.

6.0 Yadda Ake Magance Ta

Maganin noma a matakan farko ba ya bukatar babban asibiti. Ginshiƙansa huɗu ne. Na farko, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda aka fi amfani da su su ne amoksisilin tare da metronidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl. Ma'aikacin lafiya ne zai auna su daidai da nauyin yaro, kuma idan ciwon ya yi nisa ta jijiya ake ba da su. Saye a kemis a ba yaro bisa kintace ba ya wadatarwa. Na biyu, wanke baki kullum da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, ko da ruwan maganin kurkure baki da asibiti za ta bayar. Na uku, abinci da ruwa: ana ba yaro abincin nan na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara domin masu tamowa, da sinadarin bitamin A, a kuma mayar masa da ruwan da jikinsa ya rasa. Na huɗu, magance ciwon da ya buɗe wa cutar ƙofa, kamar zazzaɓin cizon sauro ko gudawa. Idan nama ya riga ya mutu, ana cire shi a riƙa wanke mikin ana ɗaurewa, a kuma riƙa motsa muƙamuƙin don kada ya ƙage.

Ga wanda cutar ta riga ta ɓata wa fuska, sai tiyata. Ba a yin ta nan take. Ana jira sai mikin ya warke sarai yaro ya yi ƙarfi, abin da yakan ɗauki shekara guda ko fiye. Likitoci suna ɗauko fata da nama daga wani sashe na jiki su toshe ramin, su gina leɓe ko hanci, su kuma saki muƙamuƙin da ya ƙage. Sau da yawa sai an yi aikin fiye da sau ɗaya.

A garin Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta, wato Asibitin Yara Masu Cutar Noma, wanda aka kafa a shekarar 1999. Tun daga shekarar 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take tallafa masa, kuma kyauta ake yin magani da tiyata. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar ma ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiyar kula da irin waɗannan yara. Sai dai daga Bauchi zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da kilomita 700, saboda haka kada iyaye su ce sai sun tara kuɗin mota. Yaron da kuncinsa ya kumbura yau, asibiti mafi kusa za a kai shi yau. A nan cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai sashen yara da sashen haƙori, inda ƙananan asibitoci suke tura abin da ya fi ƙarfinsu.

Ta fuskar hukuma kuwa, an sami ci gaba. Nijeriya ta ware ranar 20 ga Nuwamba ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan noma. A watan Janairu na shekarar 2023, Nijeriya ce ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya buƙata a madadin ƙasashe 32, cewa a sanya noma cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A ranar 15 ga Disamba, 2023 hukumar ta ba da sanarwar amincewa. Waɗanda suka tsira daga cutar su ma sun kafa ƙungiyarsu mai suna Elysium. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta ita ce Mulikat Okanlawon, 'yar Nijeriya da aka yi wa tiyata a asibitin Sakkwato, daga baya ta zama ma'aikaciya a can. A shekarar 2024 mujallar Time ta Amurka ta sanya ta cikin mutum 100 masu tasiri a fannin lafiya.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma na noma sananne ne: shayar da nono zalla har wata 6, abinci mai gina jiki lokacin yaye kamar wake da gyaɗa da ƙwai da zogale, allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15, kwana cikin gidan sauro, da goge wa yaro baki da asuwaki ko buroshi.

7.0 Matsalar Suna

Tun da gane cutar ba shi da wuya, maganinta kuma yana nan a ƙananan asibitoci, me ya sa yara suke isa a makare? Talauci da nisa suna da nasu kason, babu shakka. Amma harshe ma yana da nasa. Wani bincike da aka gudanar a asibitin Sakkwato, aka wallafa a shekarar 2020, ya tattaro sunayen da jama'a suke kiran cutar da su, daga ciki akwai ciwon daji da ciwon iska da zaizayar baki. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu haɗa da ita kalmar noma.

Ciwon daji suna ne mai faɗi da yake ɗauke da kumburi da gyambo iri-iri da suka ƙi jin magani. A tunanin Bahaushe, daji kishiyar gari ne, mazaunin namun dawa da iskoki, wurin da ikon mutum bai kai ba. Bugu da ƙari, akwai camfin da ya yaɗu cewa ba a yi wa daji allura kuma ba a sa masa wuƙa. Da zarar an kira ciwon yaro da wannan suna, an riga an yanke hukuncin inda ba za a kai shi ba.

Ciwon iska kuwa kai tsaye yake danganta cutar da aljanu. Wanda aka ce iska ce ta taɓa shi, wurin mai ruƙiyya ko boka ko 'yan bori za a fara nufa da shi.

Kalmar noma ita ce ta likitoci, amma ga wanda bai taɓa jin ta a matsayin cuta ba, ba ta nuna komai sai gona. Mai sauraron rediyo da ya ji an ce za a yi shiri a kan noma zai ɗauka maganar taki da iri za a yi. Wani ma yana iya zaton aikin gona ne yake jawo ciwon.

Zaizayar baki ita ce ta fi sauran dacewa, domin ta ambaci wurin da ciwon yake, ta kuma siffanta abin da yake yi, ba tare da ta jingina shi ga daji ko iska ba. Rauninta shi ne, zaizaya a Hausa aba ce da take faruwa a hankali, kamar zaizayar ƙasa da take ɗaukar damina da yawa, alhali wannan cuta cikin kwanaki take gama ɓarnarta. Har ila yau, sunan yana siffanta matakin da aka riga aka makara ne. Uwar da ɗanta yake mataki na 1 ba ta ga wata zaizaya ba tukuna.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce a Hausa. Sunan shan inna ya samo asali ne daga imanin cewa wata iska mai suna Inna ce take shanye ƙafar yaro. Ba a canza sunan ba, amma shekarun da aka yi ana faɗakarwa sun canza abin da yake zuwa zuciyar mai ji, ta yadda a yau idan an ce shan inna, mutane da yawa ɗigon rigakafi suke tunawa. A watan Agusta na shekarar 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. Wani misalin kuma shi ne na shekarar 2017, lokacin da wani ayarin masana harshe da ma'aikatan lafiya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da sanarwar sunayen da aka daidaita a Hausa da Yarabanci da Ibo. A Hausa aka zaɓi karya-garkuwa domin ƙwayar cutar, aka bar ƙanjamau domin ciwon da take haifarwa. Karya-garkuwa harɗaɗɗen suna ne na aikatau da suna, irin ginin hana-salla, kuma yana bayyana aikin ƙwayar cutar a cikin kalma biyu. Misalan nan biyu suna nuna cewa ana iya ƙirƙirar sabon suna, ana kuma iya sauya wa tsohon suna ma'ana.

8.0 Aikin da ke Gaban Ɗaliban Harshe

Da yawa daga cikinmu za mu ƙare a gidajen rediyo da talabijin, ko aikin fassara, ko koyarwa. Takardun faɗakarwa irin wadda aka ba mu a aji, hannunmu za su biyo. Saboda haka ga wasu shawarwari.

Na farko, kada a rubuta ko a furta kalmar noma ita kaɗai idan cutar ake nufi. A ce "cutar noma, wato zaizayar baki", a kuma bayyana tun farko cewa ba ta da alaƙa da gona.

Na biyu, kada a fassara ta da ciwon daji don neman sauƙi. A fito fili a ce ba daji ba ce, ba iska ba ce, ba a ɗaukar ta, kuma tana jin magani.

Na uku, a gina saƙo a kan alamomin farko da kalmomin da uwa take amfani da su a tsakar gida: warin baki, jinin dasashi, dalalar miyau, kumburin kunci, ƙin cin abinci, musamman ga yaron da ya tashi daga ƙyanda ko yake fama da rama. Uwa ba ta bukatar sanin sunan cuta kafin ta san cewa yau za ta tafi asibiti.

Na huɗu, a tuna cewa a Jihar Bauchi Hausa ita ce harshen asibiti da kasuwa, amma ba ita ce harshen gida ga kowa ba. Akwai Fulani da Jarawa da Zaar da Gerawa da wasu da dama. Uwar da take bayyana ciwon ɗanta da harshe na biyu tana iya kama kalmar da ta fi ji a bakin mutane, ta ce daji, ko da abin da ta gani daban ne. Na san wannan domin ni ma na sha yin haka. Ya kamata ma'aikacin lafiya ya tambaye ta abin da ta gani, sannan ya buɗe bakin yaron ya duba da kansa. Mu kuma da muke jin waɗannan harsuna, aikinmu ne mu tattaro sunayen da ake kiran wannan ciwo da su a garuruwanmu. Wannan kaɗai ya isa batun kundin kammala digiri.

Na biyar, kada saƙonmu ya zama na zagin kakanni da wanzamai da masu maganin gargajiya. Su ne ake fara kai wa yaro, kuma tsohuwar unguwarmu ba ƙin jikarta take yi ba, abin da ta gada ta faɗa. Idan aka koya musu alamomin da harshen da suke girmamawa, su ne za su fara cewa a tafi asibiti.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin cutar noma, da waɗanda take kamawa, da matakanta, da yadda ake rarrabe ta da wasu cututtuka, da kuma maganinta. Ta kuma nuna cewa tsakanin warkewa sarai da rasa fuska ko rai kwanaki kaɗan ne, kuma sunan da aka kira ciwon da shi yana cikin abubuwan da suke cinye waɗannan kwanaki. Yarinyar unguwarmu an kai ta Sakkwato daga baya an gyara mata leɓe, yanzu tana zuwa makaranta, ko da yake tabon yana nan. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan ya koma gida hutu, ya ɗauki tocila ya duba bakin ƙannensa da 'ya'yan yayyensa, ya kuma gaya wa iyayensu mata abin da za su riƙa lura da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana ƙanananmu, amin.